Ƙaramar sensa mai tsada ko babbar sensa mai araha: wace kyamara ce ta cancanci kuɗinka?

Mai ɗaukar hoto don sha'awa, wanda ya wuce matakin koyo kuma ya ware dala 1,500 zuwa 2,500 don sayen kyamara, yana tsaka mai wuya. Sensa ita ce farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ya mai da shi hoto. A wannan kuɗin akwai kyamarori masu ƙaramar sensa waɗanda kamfani ya zuba musu duk ƙwarewarsa. A daidai wannan kuɗin kuma akwai masu babbar sensa na matakin farko, waɗanda aka rage musu wasu abubuwa don farashi ya sauko.

A da zaɓin bai kai haka ruɗani ba, domin akwai masu ƙaramar sensa guda biyu da suka yi fice. Canon 7D Mark II ta fito a 2014 kan dala 1,799, Nikon D500 ta biyo baya a 2016 kan dala 2,000, ɗauke da tsarin fokas irin na D5 wadda ta ninka ta kuɗi fiye da sau uku. Duk mai son sauri da ƙwari amma ba shi da kuɗin kayan ƙwararru, nan yake zuwa. Sai babbar sensa ta sauko kasuwa: Canon RP a 2019 kan dala 1,299, Nikon Z5 a 2020 kan dala 1,399. Daga nan Canon ba ta sake fitar da wata 7D ba. Shi ya sa ake ta tambaya ko har yanzu kamfanoni na da buƙatar yin ƙaramar sensa ta manyan kuɗi. Ga mai saye, tambayar da ta fi amfani ita ce: ni, ina da buƙatarta?

Girman sensa a taƙaice

Babbar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, girman tsohon fim na kyamara. Wadda ake kira APS-C kusan milimita 23.5 ce da 15.6 a wajen Nikon, Sony da Fujifilm, ta Canon kuma ta ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9. Ta Micro Four Thirds, wadda OM System da Panasonic ke amfani da ita, 17.3 ce da 13. Idan aka auna fili, babbar sensa ta ninka APS-C sau biyu da ɗan ɗori, ta ninka Micro Four Thirds kusan sau huɗu.

Ƙaramar sensa ba ta ƙara wa lensi tsawo. Tsakiyar hoton kawai take ɗauka ta bar gefe. Shi ya sa lensi mai milimita 400 a kan APS-C yake nuna abin da mai milimita 600 zai nuna a kan babbar sensa, a Canon kuma 640, a Micro Four Thirds 800.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuma mafi nauyi, yawan fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, da zai sauka a kan abin da ke nesa. Na biyu, yadda hoto ke fita idan haske ya yi ƙaranci. Na uku, saurin sensa wajen karanta hoto, wanda ba ɗaya ba ne da yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa. Sai nauyi da kuɗin kayan gaba ɗaya, wato kyamara da lensin da za ta ɗauka, ba kyamara tsirara ba. Sai ƙwarin jiki. Na ƙarshe shi ne wanda masu saye suka fi mantawa da shi: shin kamfanin zai ci gaba da kula da wannan layin, ko zai bar ka da lensuna marasa magaji?

Ma'auni biyu na farko suna buƙatar ɗan lissafi, domin a nan ne tallace-tallace suka fi ruɗar mutane.

A sensa babba mai megafiksel 24, wato fiksel miliyan 24, faɗin kowane fiksel kusan maikiron 6 ne (maikiron kashi ɗaya ne bisa dubu na milimita). A Nikon Z8 mai megafiksel 45.7 kusan 4.3 ne, a Sony a6700 kusan 3.8, a Canon R7 3.2, a Fujifilm X-T5 kuma 3. A ce an ɗora lensi mai tsawo ɗaya a kan dukansu, an tsaya wuri ɗaya, ana ɗaukar shaho a kan reshe. Idan shahon ya cika fiksel 1,000 a faɗi a kan mai megafiksel 24, zai cika kusan 1,380 a Z8, 1,600 a a6700, 1,870 a R7, 2,000 a X-T5. Wannan shi ne ainihin "nisan" da ake yabon ƙaramar sensa da shi. Kafin babbar sensa ta kai cunkoson fiksel irin na R7, sai ta zama mai megafiksel 83.

Ta fuskar haske kuwa, babbar sensa ce da rinjaye, amma da sharaɗi. Tunda filinta ya fi yawa, hasken da take tarawa a saiti ɗaya ya ninka na APS-C sau biyu da ɗori. A aikace, idan haske ya yi ƙaranci akan ɗaga saitin da ake kira ISO, shi kuma yana kawo tsaki, wato ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoto. Tsakin da za ka gani a ISO 3,200 na APS-C shi ne kusan wanda za ka gani a ISO 6,400 zuwa 8,000 na babbar sensa. Haka nan dusashewar baya, wadda ke ƙaruwa idan lambar f, ma'aunin buɗewar ƙofar hasken lensi, ta yi ƙasa: f/2.8 a APS-C yana ba da kusan abin da f/4.2 ke bayarwa a babba. Sharaɗin shi ne sai ka cika filin sensar da abin da kake ɗauka. Ranar da tsuntsu ya yi nisa ka yanke hoton babbar sensa zuwa girman APS-C, ka zubar da hasken da ka biya kuɗi dominsa. Abin da ya rage a hannunka hoton ƙaramar sensa ne, da tsakinsa, kuma idan kyamarar mai megafiksel 24 ce, kusan megafiksel 10 kawai za su saura.

Zaɓi na ɗaya: APS-C ta manyan kuɗi

Kyamarorin da ke wannan aji ba su yi kama da juna ba kamar yadda sunan ajin ke nunawa.

Canon R7, ta 2022, dala 1,499. Megafiksel 32.5, hotuna 15 a daƙiƙa da shota ta ƙarfe (labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa), 30 da ta lantarki, gurbin katin memori biyu, da na'urar hana rawar hannu a cikin jiki. Wajen fiksel a kan abu mai nisa, tana cikin na gaba-gaba a wannan kuɗin. Matsalarta tana ma'auni na uku. Sensarta tana karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa cikin kusan kashi ɗaya bisa talatin na daƙiƙa. Idan kana bin tsuntsu da shota ta lantarki, kafin a karanta layin ƙasa kyamara ta riga ta gusa, sai itatuwan baya su fito a karkace, fiffike mai saurin kaɗawa kuma ya fito a lanƙwashe. Maganin shi ne komawa shota ta ƙarfe, wadda ke da ƙara kuma tana iya kawo ɗan girgiza. Ƙari a kan haka, idan ana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil mai girma da ba a tace ba, a hotuna 30 a daƙiƙa, rumbun wucin gadi yana cika kafin daƙiƙa biyu. Wato adadin 30 da ke jikin kwali gaskiya ne, amma ba kullum ake cin moriyarsa ba.

Fujifilm X-H2S, ita ma ta 2022, dala 2,499. Ita ce ta magance wancan ciwon, domin sensarta mai hawa-hawa ce: an jera na'urar karatu a bayan filin da ke karɓar haske, sai karatun ya zama ƙasa da kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Megafiksel 26, hotuna 40 a daƙiƙa, katin CFexpress da na SD, shota da aka auna za ta kai bugu 500,000. Idan ana neman magajiyar D500 a cikin sababbin kyamarori marasa madubi a cikinsu, wannan ce ta fi kusa a takarda. Abin da ake yawan kuka da shi shi ne fokas ɗinta wajen bin abu mai gudu bai kai na Canon da Sony natsuwa ba, kuma yana buƙatar a zauna a saita shi da haƙuri. 'Yan'uwanta X-H2 da X-T5 masu megafiksel 40, dala 1,999 da 1,699, na masu ɗaukar shimfiɗar ƙasa da gine-gine ne da tafiye-tafiye. Sensarsu tana karatu a hankali, ba na gudu ba ne.

Sony a6700, ta 2023, dala 1,399. Fokas ɗinta na da kyau ƙwarai wajen gane ido da bin sa, nauyinta giram 493 ne kacal, batirinta babba ne irin na manyan yayyenta. Amma gurbin kati ɗaya ne, tagar leƙe ƙarama ce a kusurwa, hotuna 11 ne a daƙiƙa. Kyakkyawar kyamara ce ta tsaka-tsaki, ba ta ƙololuwa ba.

Nikon Z50II ta 2024, mai dala 910 ko kusa da haka, ta sami ƙwaƙwalwar Expeed 7 irin ta Z8, amma ba ta da na'urar hana rawa a jiki, kuma katinta ɗaya. Ba ta cikin wannan ajin. An ambace ta ne don mai D500 da ke neman inda zai koma ya san cewa ba ita ce ba.

Akwai wani sirri game da cunkoson fiksel da ya kamata a faɗa. Ƙananan fiksel ba sa yafiya. Duk wata rawar hannu, duk wani laushin lensi, duk wani hucin zafi da ke tashi daga ƙasa tsakaninka da abin da kake ɗauka, za su nuna shi. A R7 ko X-T5, da zarar an matse ƙofar haske ta wuce f/8, kaifin hoto yana fara raguwa saboda yadda haske ke bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Yawancin lensuna masu nisa da araha kuma daga f/6.3 zuwa f/8 suke farawa a ƙarshen tsawonsu. Saboda haka ribar fiksel 1,870 a kan 1,000 ba ta zuwa cikakkiya sai da lensi mai kyau, shota mai sauri kamar 1/2000 ga abu mai tashi, da iska mai tsabta.

Nauyi fa? A nan akwai gaskiya, akwai kuma almara. A lensuna masu nisa na tsaka-tsaki ribar a fili take: a6700 da lensin Sony 70-350 gaba ɗaya giram 1,118 ne, suna kuma nuna abin da milimita 525 ke nunawa. R7 da RF 100-400 giram 1,247 ne, suna kaiwa 640. Babu haɗin babbar sensa da zai ba da wannan fiksel a wannan nauyin. Amma a lensin yau da kullum ribar ba ta taka kara ta karya ba. Fujifilm 16-55 f/2.8 na biyu giram 410 ne, kuma hoton da yake bayarwa daidai yake da na 24-70 f/4 a babbar sensa. Na Nikon mai wannan aji giram 500 ne. Bambancin giram 90 ke nan, nauyin da bai kai na wayar hannu ba.

Zaɓi na biyu: babbar sensa ta matakin farko da ta tsakiya

Wannan ita ce ta ci kasuwar ƙaramar sensa mai tsada. Nikon Z5II ta 2025, dala 1,699, tana da megafiksel 24.5, kati biyu, na'urar hana rawa, babban batir, da jiki mai kariya daga ƙura da yayyafi. Canon R8 ta 2023, dala 1,499, tana da sensa da fokas irin na R6 Mark II a jiki mai giram 461, wato ta fi R7 rashin nauyi. Abin da aka cire mata shi ne na'urar hana rawa, kati na biyu, da babban batir. Duk mai R8 sai ya riƙa yawo da batir biyu ko uku a aljihu. A dala 2,499 kuma aka fitar da Canon R6 Mark II, Nikon Z6III da Sony A7 IV, daidai kuɗin fitowar X-H2S.

Ga hoton mutane, taro a cikin ɗaki, dare, taurari, da duk inda za ka iya matsawa kusa ka cika filin hoto, waɗannan sun fi kowace APS-C. Lensin 50 ko 85 mai f/1.8, wanda ba shi da tsada, yana ba da dusashewar baya da sai lensi mai f/1.2 zai ba da ita a APS-C. Kuma a Canon, Nikon da Sony, mafi yawan sababbin lensuna masu kyau don wannan sensar ake ƙera su, don haka kana tsakiyar gida ne, ba a zaure ba.

Rauninsu ɗaya ne, amma babba ne ga wanda ya shafa: nesa. Megafiksel 24 ba ya jure yanka. Hanyar rama nisan ita ce dogon lensi, shi kuma yana zuwa da nauyi. Nikon 180-600 giram 1,955 ne, Sony 200-600 giram 2,115, Canon RF 200-800 giram 2,050. Dukansu ba su kai dala 2,000 ba lokacin fitowarsu, kuma su ne suka rage wa ƙaramar sensa daraja, domin sun kawo milimita 600 zuwa 800 hannun talaka. Sai dai kilo biyu da rabi zuwa uku a hannu na tsawon yini ba wasa ba ne. Da yawa sukan ƙare da sayen sandar dogara, wasu kuma su fara barin lensin a gida.

Zaɓi na uku: babbar sensa mai yawan fiksel, a yanke idan an so

Wannan ita ce amsar da kamfanonin suka fi so ka karɓa. Nikon Z8, ta 2023, dala 3,999, idan aka sa ta a yanayin APS-C tana ba da megafiksel 19.4, kusan daidai da 20.9 na D500, da sensa mai hawa-hawa wadda ba ta ma buƙatar shota ta ƙarfe. Sony A7R V mai megafiksel 61, ta 2022, dala 3,899, tana ba da 26 idan an yanke, daidai da a6700. Canon R5 mai 45 tana ba da kusan 17, wato rabin na R7.

Fa'idarta ta gaske ce. Kyamara ɗaya tana yin aikin biyu, kuma bin tsuntsu mai tashi ya fi sauƙi idan tagar leƙe na nuna fili mai faɗi, ka yanke daga baya a kwamfuta. A ƙaramar sensa da dogon lensi, samo tsuntsun a cikin taga ma kansa aiki ne. Idan kuma dabba ta matso kusa, sai ka ci cikakkiyar ribar babbar sensa.

Illarta kuɗi ne da nauyi. Z8 giram 910 ce ita kaɗai. Fayilolinta manya ne, suna cin kati da rumbun kwamfuta. Wanda kashi tara cikin goma na hotunansa a yanke suke, ya biya dala 4,000 ne don ya yi amfani da ƙasa da rabin sensarsa.

Zaɓi na huɗu: Micro Four Thirds

OM-1 ta 2022, dala 2,199, da Mark II ta 2024, dala 2,399, su ne hujja mafi ƙarfi cewa ƙaramar sensa ta ƙololuwa na da ma'ana. Sensa mai hawa-hawa ta megafiksel 20, hotuna 50 a daƙiƙa tare da fokas mai bin abu, da jiki mai shaidar kariya daga ƙura da yayyafi ta IP53, abin da yawancin kamfanoni ba sa yarda su sa lamba a kansa. Da lensin 300 f/4 ana samun kallon milimita 600 a ƙasa da kilo biyu. Ga masu ɗaukar ƙwari da furanni a kusa-kusa, zurfin fokas da ƙaramar sensa ke bayarwa riba ce, ba asara ba. Panasonic G9 II ta 2023, dala 1,899, tana amfani da lensuna iri ɗaya.

Farashin hakan shi ne haske. Tsakin ISO 3,200 a nan ya yi daidai da na kusan 12,800 a babbar sensa. Manhajojin goge tsaki irin su DxO PureRAW da wanda Adobe ta sa a Lightroom a 2023 sun rage wannan gibin sosai, amma suna taimaka wa babbar sensa ita ma. Kuma megafiksel 20 ba ya barin wurin yanka da yawa.

Haɗin kaya don ɗaukar abu mai nisa

Farashin duka na lokacin fitowa ne a Amurka, kuma yana sauyawa. Nauyin dogayen lensuna ba tare da mariƙin ɗorawa a kan sanda ba ne a inda ake iya cire shi.

| Kyamara da lensi | Kuɗi, dala | Nauyi, giram | Iyakar kallo, milimita | Megafiksel | Saurin karatun sensa | Kati |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Canon R7 da RF 100-400 | 2,148 | 1,247 | 640 | 32.5 | a hankali | biyu |
| Sony a6700 da 70-350 | 2,398 | 1,118 | 525 | 26 | tsaka-tsaki | ɗaya |
| Nikon Z5II da 180-600 | 3,398 | 2,655 | 600 | 24.5 | a hankali | biyu |
| Canon R7 da RF 100-500 | 4,198 | 1,982 | 800 | 32.5 | a hankali | biyu |
| Fujifilm X-H2S da 150-600 | 4,498 | 2,265 | 914 | 26 | da sauri | biyu |
| OM-1 da 300 f/4 | 4,698 | 1,869 | 600 | 20 | da sauri | biyu |
| Nikon Z8 da 180-600 | 5,698 | 2,865 | 600, ko 900 a yanke | 45.7, ko 19.4 a yanke | da sauri ƙwarai | biyu |

Ƙwari da haɗarin a bar ka a hanya

Girman sensa ba shi da alaƙa da ƙwarin kyamara. Ajin da kamfani ya sa ta shi ne ke yanke hukunci. D500 da 7D Mark II an auna shotarsu a bugu 200,000, jikinsu kuma na aikin wahala ne. X-H2S da OM-1 sun gaji wannan hali. R7 tana da kariya daidai gwargwado, amma Canon ba ta yi mata mariƙin ƙarin batir ba, abin da masu dogon lensi ke so don daidaita nauyi. A kowane hali, kariyar jiki ba ta da amfani idan lensin da ke kansa ba shi da zoben roba a gindinsa.

Haɗari mafi girma ba a jikin kyamara yake ba, a ofishin kamfani yake. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010. A 2023 ba su kai miliyan takwas ba. Wayar hannu ta cinye ƙasan kasuwa, kamfanoni suka koma neman riba mai yawa daga mutane kaɗan. Ƙaramar sensa ta fi arahar ƙerawa, domin faranti ɗaya na silikon yana fitar da ita da yawa, kuma babbar sensa ta fi ƙarfin abin da injin buga ta ke iya bugawa a karo ɗaya, sai an haɗa. Amma sauran kayan kyamarar ƙololuwa, ƙwaƙwalwa, tagar leƙe, shota, jikin ƙarfe, kuɗinsu ɗaya ne komai girman sensa. Shi ya sa X-H2S ta kai kuɗin Z6III. Ga kamfanin da ke sayar da girma biyu, APS-C mai sensa mai hawa-hawa kan dala 2,500 kishiya ce ga kyamararsa ta dala 4,000. Ba shi da dalilin gaggawar yin ta.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa da layin da kamfani bai ɗauka da muhimmanci ba. Samsung ta fitar da NX1 a 2014, kyamarar APS-C da ta sha gaban zamaninta, ba a jima ba ta fice daga harkar baki ɗaya. Nikon ta rufe layin Nikon 1 a 2018. Canon ta fara EOS M a 2012, ta bar shi bayan ta kawo APS-C cikin layin RF, kuma lensunan M ba sa hawa kyamarorin RF. Olympus ma ta sayar da sashen kyamararta, wanda ya koma OM Digital Solutions a farkon 2021, ƙaramin kamfani da ba shi da aljihu irin na Canon ko Sony.

Fujifilm ce kaɗai a cikin manyan da APS-C ke zaman ɗan fari a wajenta, domin ba ta yin babbar sensa irin ta sauran, daga APS-C sai ta tsallaka zuwa GFX mai sensa mafi girma. Shi ya sa lensunanta na APS-C suka fi na kowa cika. A Canon, lensunan RF-S, wato na APS-C, na kamfanin kansa kaɗan ne kuma yawanci masu ƙaramar ƙofar haske. Abin ya fara gyaruwa ne a 2024, da aka ba Sigma da Tamron izinin yin lensunan APS-C na wannan layi, irin su Sigma 18-50 f/2.8 mai giram 300 ko ƙasa. Sony ta fi kowa buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni tun da daɗewa.

Akwai dabarar rage haɗari: a Canon, Nikon da Sony, bakin kyamarar APS-C da na babbar sensa ɗaya ne. Idan mafi tsadar lensunanka na babbar sensa ne, kamar RF 100-500 ko 200-600, to ko kamfani ya yi watsi da APS-C gobe, jarinka bai nutse ba. A Fujifilm da OM ba ka da wannan ƙofar fita, sai dai kana da tabbacin cewa kai ne babban abokin cinikinsu.

Wa ya kamata ya sayi wace?

Kafin ka yanke shawara, buɗe hotunanka na shekarar da ta wuce ka duba abu biyu: tsawon lensin da ka fi amfani da shi, da yawan hotunan da ka yanke sosai. Manhajar tace hoto za ta nuna maka wannan cikin minti kaɗan.

Idan yawancin hotunanka tsakanin milimita 24 da 135 suke, na mutane, iyali, titi, taro da dare, ƙaramar sensa mai tsada ba ta da abin da za ta ƙara maka. Ɗauki Z5II, ko R8 idan rashin nauyi ya fi maka kati biyu, ka sa ragowar kuɗin a lensi mai f/1.8.

Idan tsuntsaye, namun daji, jiragen sama ko wasanni a fili da rana su ne abin sonka, kuma duk kuɗinka bai wuce dala 2,500 ba, R7 da RF 100-400 ko a6700 da 70-350 za su ba ka abin da babu babbar sensa da za ta ba ka a wannan kuɗi da wannan nauyi. A R7, ka saba da shota ta ƙarfe ga duk abin da ke gudu.

Idan abin da kake ɗauka yana tashi da sauri, kana son shiru, kuma ba ka son hoto ya karkace, sensa mai hawa-hawa kake nema. Cikin kyamarorin da aka lissafa a nan, mafi arahar hanyar samunta ita ce X-H2S ko OM-1. Zaɓi OM-1 idan kana tafiya mai nisa a ƙafa ko cikin ruwan sama ko kana ɗaukar ƙananan halittu, X-H2S idan kana haɗawa da bidiyo ko kana yawan aiki da asuba da almuru.

Idan rabin aikinka na kusa ne rabi na nesa, kuma aljihu da kafaɗa za su ɗauka, Z8 ko makamanciyarta ta fi sayen kyamara biyu.

Mai ɗaukar shimfiɗar ƙasa da tafiye-tafiye wanda ke son fiksel da yawa a ƙaramar jaka, X-T5 mai giram 557 da ƙananan lensunanta sun dace da shi, muddin zai riƙa tsayawa a f/5.6 zuwa f/8.

Wanda kuma yake da D500 ko 7D Mark II mai lafiya da dogon lensi mai kyau, ba dole ne ya canza ba. Abin da sababbin za su ƙara masa shi ne fokas mai gane idon tsuntsu, shota marar ƙara, da ɗaukar hoto tun kafin a gama danna maɓalli. Idan waɗannan ukun ba su ne ke sa shi rasa hotuna ba, kuɗin canjin ya fi amfani a lensi. Lensunan F na D500 da na EF na 7D Mark II suna hawa sababbin kyamarorin Nikon da Canon ta hanyar mahaɗa, don haka lensin da ya saya yau zai bi shi duk ranar da ya tashi komawa.